Kwat, Kaftani ko Rigar Kamfani: Wanne Zan Sa In Zan Je Wurin Kwastoma?

Assalamu alaikum Kawu, da fatan ana lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari.

Ni matashi ne ɗan shekara 27, a Kano nake. Bayan na gama bautar ƙasa na samu aiki a wani kamfani mai haɗa wutar sola a gidaje da shaguna da asibitoci. Aikina nemo kwastoma: in je in duba wuri, in yi bayani, in kai takardar farashi. Wani lokaci kuma nakan bi yaran aiki ranar haɗawa, don abin da na karanta ke nan.

Manajanmu daga Legas aka turo shi, ya ce duk wanda zai je gaban kwastoma sai da kwat da naktaye. Abokan aikina da ya juya baya sai su zura rigar kamfani da wandon jins, suna cewa zamani ya wuce kwat, masu kuɗin duniya ma tishat suke sawa. Mahaifina kuma cewa yake mutum ba kaftani ba hula ai bai gama shiri ba.

Na je wurin wani Alhaji a Kantin Kwari cikin kwat, ina ta gumi, kafin in zauna ya ce, "Samari, daga wane banki?" Bai saurare ni sosai ba, daga baya na ji wani ya samu aikin. Da na je wani asibitin kuɗi da rigar kamfani, sakatariyar ta dube ni ta ce, "Ina ogan naka? Da shi shugabanni za su zauna." Yanzu kullum da safe sai in tsaya a gaban kaya in rasa na ɗauka, albashin kuma bai kai in cika durowa ba. Wanne ne daidai?

Ɗanka, daga Kano.

Wa'alaikumus salam ɗana. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Allah ya sa albarka a wannan aiki, ya ba ka haƙurin zama da jama'a.

Da za a ce in zaɓar maka kaya iri ɗaya tak, wanda zai shigar da kai mafi yawan wuraren da kake zuwa a Kano ba tare da an yi maka kallon baƙo ko kallon ɗan aike ba, to kaftani ne mai ɗinki daidai jikinka, da hula, da takalmin fata rufaffe. Mahaifinka ya fi su kusa da gaskiya. Sai dai aikin naka ba wuri ɗaya yake kai ka ba, ga kuma manaja da dokarsa a tsakani, don haka ba zan sallame ka da wannan kaɗai ba.

Fara da tambayar kanka: me mutumin da za ka je wurinsa yake tsoro? Wanda zai sa sola kuɗi masu kauri zai zare ya ba da a kan abin da ba ya iya tantancewa da idonsa. Alhajin Kwari da ya murza atamfa da yatsu biyu ya san ta gaske ce ko jabu, amma batir ba ya leƙuwa, inbata kuma, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wutar gida, a wurinsa akwati ne kawai mai fitilu. Ya kuma sha jin labarin maƙwabcin da aka haɗa wa, batir ya mutu kafin shekara ta zagayo, wanda ya yi aikin ya daina ɗaga waya. Saboda haka abu biyu ne a ransa lokacin da ka yi sallama. Wannan yaron in na ba shi kuɗina zan sake ganinsa? Kuma ya iya aikin, ko surutu kawai ya iya? Kayan jikinka ne ke fara ba shi amsa kafin ka buɗe baki, kuma kowane wuri da tambayar da ta fi damunsa.

A Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Ƙofar Ruwa, tambaya ta farko ce a gaba. Kasuwanni ne da ake ɗaukar kayan miliyoyi bashi a kan magana, saboda an san mutum, an san ubansa, an san unguwarsu da masallacin da yake salla. Mai kaftani da hula shigarsa na cewa ɗan gari ne, ko ya ɓuya akwai wanda za a tambaya. Mai kwat fa? Su wa Alhaji ya saba gani da kwat a ƙofar shagonsa? Ma'aikatan banki masu neman ya buɗe asusun ajiya, da 'yan inshora, wani lokaci lauya. Mutane ne masu zuwa da takarda mai ƙananan rubutu su ce a sa hannu, kuma ka san yadda 'yan kasuwarmu da yawa ke ɗari-ɗari da duk abin da suka ji ƙanshin kuɗin ruwa a cikinsa. Da ya ce maka "daga wane banki", ya dube ka ne ya ajiye ka a layin da ya sani, kuma tuni yana da amsar da yake ba mutanen wannan layin: ku dawo wani lokaci.

Sakatariyar asibiti kuma aikinta ke nan, tace masu shiga. Rigar da ke da tambarin kamfani a ƙirji, a idon 'yan ofis, rigar wanda aka aiko ce: mai kawo saƙo, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mai duba mita. Su kuwa shugabannin asibiti so suke su zauna da wanda zai iya cewa "na amince da wannan farashi", ya sa hannu, kamfani ya ɗauki nauyi. Da ka shigo mata da kaftanin da na faɗa maka, riƙe da jakar takardu, "bismillah, shiga" za ka ji. Da kwat ma haka. Ka ga ke nan kaftani ya ci a wuraren biyu, kwat ya ci a ɗaya, rigar kamfani ba ta ci ko ɗaya ba.

Amma kada ka ɗora wa kwat ɗin nan dukan laifin aikin da ya kuɓuce maka. Ba ka gaya mini wanda ya kai ka wurin Alhajin ba, kuma ina zargin babu. A kasuwa irin wannan, wanda aka ce "yaron wane ne, shi ya haɗa mini nawa" ya yi maka nisa ko da wace irin riga ya zo. Ba ka gaya mini lokacin da ka je ba: ana sauke kaya ne, ko masu sari sun cika shago, ko an kusa kiran azahar? Ka tsaya kun gaisa yadda ya kamata, ya kasuwa, ya jama'a, ya iyali, ko daga sallama sai zaro takarda? Ka cire takalmi kafin ka taka dardumarsa? Da ka fara bayani, ka ce masa wannan zai ɗauki fanka huɗu da firji da fitilun shago daga safe har a tashi kasuwa, ko ka yi ta jero masa kilowat da turanci? Kaya kunnen mutum kawai suke sama maka na 'yan mintoci, sauran ya rage ga bakinka da halinka. Kuma ƙofar ba ta rufu ba. Bayan 'yan watanni ka leƙa ka gaishe shi, ka tambayi yadda wutar take, ba tare da ka kushe wanda ya yi aikin ba. Mai shago a Kwari yana da gida, yana da ƙanne, wataƙila ma akwai masallacin da ya gina.

Su kuma abokan aikinka masu cewa attajiran duniya tishat suke sawa, na san da wa suke: Mark Zuckerberg, mai Facebook. To su tuna zuwansa Najeriya a 2016. A ƙarshen watan Agusta ya sauka Legas, ya yi ta yawo a unguwar Yaba da tishat da jins, yana ganawa da matasa masu harkar kwamfuta. Bayan 'yan kwanaki da zai shiga fadar gwamnati a Abuja wurin Shugaba Muhammadu Buhari, kwat da naktaye ya sa. Haka ya yi a watan Afrilun 2018 da majalisar dokokin Amurka ta kira shi ya amsa tambayoyi. Wanda suke kafa hujja da shi ma yana duba gaban wanda zai tsaya. Ban da haka, shi nemansa ake yi, kai kuwa kai ne mai nema. Ranar da Alhazai suka fara layi a ƙofar ofishinka, sa abin da ka ga dama.

Kada kuma wani ya sa maka a rai cewa kayanmu na gida kayan hutu ne, kwat ne kaɗai kayan aiki. Da babbar riga Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Amurka wurin Shugaba Kennedy a 1961. Ngozi Okonjo-Iweala tun 2021 take shugabantar Hukumar Kasuwanci ta Duniya da atamfarta da ɗaurin ɗankwalinta. Aliko Ɗangote yau ka gan shi da kwat, gobe da kaftani, gwargwadon taron.

Sai dai fa kaftani suna ya tara. Na ɗaurin aure daban, na neman ciniki daban. Nemi yadi mai auduga wanda iska ke ratsawa, mara ƙyalli, mai launi natsattse: shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa, ruwan madara. Fari yana da kwarjini, amma ga mai mota. Wanda zai shiga A Daidaita Sahu sau uku kafin azahar, kafin ya kai wuri na biyu farinsa ya zama abin tausayi. Baƙi a hunturu ƙura yake kwasa. Ruwan toka mai haske da shuɗi mai haske su suka fi tona asirin gumi a hamata da gadon baya, don haka kowanne ka sa, kada ka raba kanka da singileti a ciki. Aikin wuya ya zama kaɗan. Ɗinkin kuma kada ya zama irin na yayin nan mai matse jiki, wanda in ka durƙusa gaida babba kake addu'ar kada wando ya ba ka kunya.

Abin da samari suka fi kuskurewa shi ne wuce gona da iri. Kada ka fi kwastoma ado. Ka shiga Kwari da shadda Getzner tana ƙara, da aiki har ciki, da agogo mai walwali, a gaban mutanen da sana'arsu ke nan: kallo ɗaya za su yi maka su san kuɗin abin da ke jikinka har da na tela. Lissafin da zai zo wa Alhaji shi ne, ashe ribar nan da yawa, kuma daga aljihuna za ta fito. Sai ka ga ya fara taya kayan da rabin farashi. Babbar riga ma bar ta sai Juma'a da salla da biki. Mai zuwa neman aiki ba ya shiga kamar wanda aka zo gaisarwa.

Hula dole ce. Kaftani kai ba hula a gaban dattijo rabin shiri ne, nan mahaifinka ba shi da abokin gardama. Zanna bukar ko damanga ko ƙube, duk wadda ta shiga da kayan, muddin bakinta bai yi baƙi da gumi ba. Masu wankin hula ba su da tsada. Launi ɗaya ne zan ja maka kunne a kai. A Kano jar hula magana ce, musamman a kan fararen kaya, kowa ya san alamar Kwankwasiyya ce. Ba ruwana da inda kake jefa ƙuri'arka, amma wani kwastoman zai washe baki, wani ya ɗaure fuska, kai kuma sola ka zo sayarwa. Haka duk wata hula ko riga mai ɗauke da alamar wani ɗan siyasa, ko ta wace jam'iyya ce.

Takalmi na iya rushe duk wannan. Kaftani mai kyau a kan silifas ɗin wanka, an yi ba a yi ba. Sayi na fata wanda za ka zare ba sai ka tsuguna kwance igiya ba, domin a yini za ka cire shi ba adadi: shago mai darduma, zauren mai gida, masallaci. Tunda kuwa za a cire, safa ta zama ba huji ba wari, ƙafa ba faso, farce a yanke. Ajiye ɗan tsumma a jaka ka share ƙura kafin ka shiga. Turare kaɗan, wanda sai an matso za a ji, aski kuma irin wanda dattijo ba zai tsaya kallo ba. In wani ya ce maka wannan duk iyayi ne, tuna masa hadisin da Muslim ya ruwaito: an tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mutumin da ke son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau, ya ce Allah kyakkyawa ne yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Har takalmi aka ambata.

Rigar kamfani tana da ranarta, kuma a ranar babu abin da ya kai ta. Ranar duba wuri da ranar haɗawa, tambaya ta biyu ce a ran kwastoma: ya iya? Wanda ya zo auna rufin kwano da kwat, mai gida zai ce wannan bai taɓa riƙe filaya ba. Kaftani a kan tsani kuwa haɗari ne, ko ka taka shi ko ya maƙale a bakin kwano. Agogon ƙarfe da zobe ka cire su kafin ka kusanci batir, ka fi ni sanin abin da ke faruwa in ƙarfe ya haɗa kawunan batir ɗin nan biyu. Rigar ta zama mai kwala, wankakkiya, wadda tambarinta bai koɗe ba, wandon ba irin yagaggen nan na gayu ba, takalmi mai ƙasan roba. Katin shaida kuma a inda za a gani, saboda gidajen mutane za ku shiga, wani lokaci har ciki inda iyali suke, kuma mai gida yana da haƙƙin sanin wanda ya ba izini. Ranar da zama da hawan rufi suka haɗu maka, saka rigar aiki a jaka, ka canza bayan an gama magana.

Kwat ma ban kore shi ba. Hedikwatar banki, kamfanin sadarwa, zaman buɗe tayin kwangila a Abuja ko Legas, ko duk zaman da za ku jeru da manaja da sunan kamfani, nan ne wurinsa. Ɗaya ya ishe ka, mai launi mai duhu. In wanda kake da shi irin mai arahar nan ne na roba, da ba ya barin iska ta ratsa kuma yana sheƙi a rana, gwanjo mai kyau daga Ƙofar Wambai da tela ya rage ya fi shi. Kafaɗa za ka duba wajen saye, domin tsawon hannu da faɗin ciki duk tela zai gyara, kafaɗa ce ke ba su wuya. Cire ɗan ƙyallen sunan nan da ke ɗinke a bakin hannu, bar maɓallin ƙasa a buɗe, naktaye ya tsaya daidai kan bel, bel da takalmi su zo launi ɗaya. Ilimin kwat ke nan, ba shi da yawa.

Zafi ne matsalarsa. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan taɓa maki 40, kwat kuwa don ƙasashen sanyi aka yi shi, masu sa shi a nan ma daga mota mai sanyi suke faɗawa ofis mai sanyi. Japan, inda ma'aikaci ba ya rabuwa da kwat, tun 2005 gwamnati ta ce a ajiye kwat da naktaye a lokacin zafi, a tsayar da na'urar sanyaya ofis a maki 28 don rage shan wuta. Kai da ke bin rana a ƙafa, kada ka sa shi tun daga gida. Riƙe shi a hannu ko a ledarsa, ka isa da kwata guda kafin lokaci, ka samu inuwa ka huce, ka goge fuska, sannan ka zura ka shiga. Mutumin da gumi ke ɗiga daga haɓarsa zuwa kan takardar farashi kama yake da mai ɓoye wani abu, ko da gaskiya yake faɗa.

Akwai kuma matsakaici da ba ka ambata ba: riga mai dogon hannu da wandon yadi, a yi zanzaro, ba kwat ba naktaye. Masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda za ka zauna da injiniya a ofis sannan ya zaga da kai cikin injina, wannan ya fi dacewa da su.

Saura manaja. Abin da abokan aikinka ke yi, a ce "to" a gabansa a saɓa a bayansa, kada ka bi su. Ranar da asiri ya tonu, sabon ma'aikaci ne zai fara kwana a ciki. Kuma mutumin nan ba mugunta ce ta sa shi kafa dokar ba. A manyan ofisoshin Legas abin da ya ga yana aiki ke nan, sannan yana gudun ranar da wani zai je gaban kwastoma da silifas da rigar ƙwallo da sunan kamfani. Tsoronsa yana kan hanya, garin ne bai gama karanta ba.

Same shi shi kaɗai, ba a taron ma'aikata ba. Kada ka kawo maganar al'ada ko addini ko "mu nan Arewa", domin da zarar ya ji haka zai ɗauka ja-in-ja ce ta mu da ku, sai ya kafe. Yi masa magana da abin da aka turo shi ya yi, wato ciniki. Ba shi labarin Kwari kamar yadda ka ba ni. Sannan ka roƙi gwaji na wata ɗaya ko biyu: kasuwanni da gidaje ka je da kaftani da katin shaidar kamfani a wuya, manyan ofisoshi ka je da kwat, ka riƙa rubuta inda ka je da abin da ya fito. Nuna masa kaftanin da kake nufi ya gani da idonsa, kada ya zaci jallabiyar zaman gida ce. Tuna masa cewa bankunan da yake koyi da su ma ranar Juma'a kayan gida ma'aikatansu ke sawa, ba a kuma ji ciniki ya tsaya ba. Manajan da aka ɗora wa adadin da zai kawo a ƙarshen wata da wuya ya ƙi gwajin da ba zai ci masa ko kwabo ba.

In ya ƙi fa? Bi dokarsa. Ba a barin aiki a wannan zamani saboda riga, ba a kuma yi wa shugaba tawaye a kanta. Sai ka rage wa kwat ɗin kaifi da bakinka: tun daga sallama ka faɗi ko kai wane ne, ɗan wace unguwa, wa ya turo ka, me ka kawo. Kana ma iya riga mai shagon da raha, ka ce, "Alhaji ba daga banki nake ba, wuta na kawo." In ya yi dariya ka samu wurin zama.

In wuri sabo ne ba ka san yanayinsa ba, tambayi wanda ya haɗa ku: su wa za su zauna, a ofis ne ko a shago ko a gida, za a hau rufi ko magana kawai za a yi. Leƙa shafinsu na Facebook ka ga yadda ma'aikatansu ke shiga. In duk ba ka samu ba, ɗara abin da kake zato da taki ɗaya, domin wanda ya zo da kwat yana iya cirewa ya rataye, wanda ya zo da tishat ba shi da abin ƙarawa. Af, hoton da ke kan WhatsApp ɗinka ma shiga ce. Kwastoma da yawa shi za su fara gani kafin su gan ka. In kai ne jingine da motar wani da baƙin gilashi, canza shi yau.

Batun kuɗi kuwa, daidai ruwa daidai tsaki. Kaftani uku, hula biyu da za su shiga da dukansu, kwat ɗaya, fararen riguna biyu, takalmi baƙi da ruwan ƙasa in hali ya yi, sun isa su juya maka mako. Yadi huɗu zuwa biyar ke yi wa mutum kaftani da wando, ga Kwari a garinku inda mutane ke tahowa saye har daga Nijar da Chadi da Kamaru. Ɗinka ɗaya duk wata har su cika, kada ka ci bashi, kada ka ara. Yadi mai araha da ya sha wanki da guga ya fi shadda mai tsada da ta kwana a ƙasan jaka. Tsayuwar nan da kake yi da safe kuma maganinta a dare yake: duba inda za ka je gobe, fitar da kayan da suka dace, goge su tun da sauran wuta. Ɗinki kuwa kai wa tela tun kafin azumi ya kama, don in ya kama ba za ka ga kayanka ba sai bayan salla.

Allah ya ba da sa'a, ya kawo kasuwa mai albarka.

Kawunka.